Sauya na'urar ba da wuta yana gyara sautin kayan kiɗa na gida?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar amfilifaya, da DAC, wato na'urar da ke mayar da lambobin kiɗa sauti, da nake haɗawa da kwamfuta, da na'urar kunna faifai mai allura. Kowannensu ya zo da 'yar adafta ta roba. Ana ta ba ni shawara in ajiye su in sayi manyan na'urorin ba da wuta masu taransifoma, har da kebul na musamman na bango, wai sautin zai buɗe, bas zai yi nauyi. Shin kunne yana jin wannan bambanci da gaske, ko kuwa zance ne kawai?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka, yadda na fahimce ta, biyu ce a ƙunshe. Ta farko: wutar da ke shiga na'ura tana iya ɓata sauti har kunne ya ji? Ta biyu: idan ka musanya adaftar da ta zo da kayanka da wata babba, kai da kunnenka za ka ji ƙaruwa? Amsar ta farko e ce, babu ja. Ta biyu kuwa ta dogara da ko kayan naka suna da wata matsala da za a iya kiran sunanta. Idan akwai ƙugi, ko kukan ƙudan zuma, ko sauti na tsagewa in ka ƙara murya, gyaran wuta na iya kawo sauyin da kowa a ɗakin zai ji. Idan kuwa na'urar shiru take lokacin da babu kiɗa, kuma ƙarfi ba ya ƙare mata lokacin da kiɗa ya yi zafi, to sabuwar na'urar wuta ba ta da aikin da za ta tarar. Shekarun da na yi ina buɗe kayan nan ina gyarawa, a kan wannan ra'ayi suka tsayar da ni, kuma zan gaya maka dalili.

Abin da sashen wuta yake yi

Wutar bango kai-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa a mafi yawan ƙasashe, sau 60 a Amurka da wasu maƙwabtanta. Kayan sauti ba sa cin irin wannan wuta, wadda ake kira AC, kai tsaye. Suna son wuta mai tafiya hanya ɗaya, a tsaye cak, wadda ake kira DC. A tsohuwar hanya, taransifoma ce ke sauke ƙarfin, dayod huɗu su miƙar da wutar, sannan manyan kafasita su tara ta kamar tankin ruwa, na'ura ta riƙa ɗiba. Tankin nan ana cika shi sau 100 a daƙiƙa, ko sau 120 inda wutar take 60. Tsakanin cikawa da cikawa ruwan yana ɗan sauka, kuma wannan hawa da saukar ita ce rawar wuta da ake magana.

Ga misali da lissafi. Kafasita mai mikrofarad 10,000, na'ura tana jan amfiya 2, ana cikawa sau 100 a daƙiƙa: rawar za ta kai kusan bolt 2. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gaba ɗayan sautin da na'urar CD ke fitarwa a ƙarshen ƙarfinta bolt 2 ɗin ne. Da a ce rawar nan tana wucewa kai tsaye zuwa lasifika, da babu wanda zai iya sauraron komai.

Amma ba ta wucewa, kuma nan ne masu tallar kayan wuta ba sa tsayawa su yi bayani. Wanda ya zana na'urar ya san da rawar, ya kuma shirya mata shinge tun kafin ka saye ta. A cikin DAC ko furi-amf, wato na'urar da ke fara ɗaga sauti kafin ya isa amfilifaya, za ka tarar da regileta, ɗan ƙaramin abu mai daidaita wuta. Tsohuwar LM317, idan an sa mata kafasitar da ta dace, tana rage rawar da kimanin desibel 80, wato sau dubu goma. Sababbi irin su LT3042 hayaniyar da suke bari ba ta kai mikrobolt ɗaya ba. Bayan regileta kuma, shi kansa ɗan guntun da ke ɗaga sauti yana da nasa garkuwa. NE5532, wanda tun wajen 1979 ake amfani da shi a ɗakunan ɗaukar sauti, yana kore rawar wuta da kimanin desibel 100 a ƙasan sauti, sau dubu ɗari ke nan. Ka haɗa shinge biyun nan, abin da zai rage daga rawar bolt guda ya yi ƙasa ƙwarai da hayaniyar da na'urar ke yi da kanta, balle motsin iska da ke cikin ɗaki ko da tsakar dare. Idan ka sayi na'urar wuta da ta fi taka tsabta sau goma, ka rage abin da dama kunne bai taɓa isa gare shi ba.

Dole in ƙara da cewa wannan garkuwa tana raguwa yayin da saurin hayaniyar ke ƙaruwa. Abin da ke tare 100 Hz, wato kai-komo sau 100 a daƙiƙa, da kyau ba lallai ya tare 100,000 Hz haka ba, sai an sa matata ta daban. Mai zane nagari yana sawa. Mai zanen da ya yi ƙwauron kaya yakan bari, kuma a irin wannan na'ura ce musanya adafta kan yi tasiri.

Inda kunne ke ji da gaske

Mu fara da amfilifayarka, domin a nan na fi zaton za ka iya samun riba. Ƙananan amfilifaya na zamani, irin masu guntun TPA3116 ko TPA3255 na kamfanin Texas Instruments, ƙarfinsu yana ɗaure ne da bolt ɗin da ka ba su. Da bolt 12, a kan lasifika mai om 8, iyakar abin da za ka samu kafin sauti ya fara lalacewa bai wuce wat 9 ba. Da bolt 24 kuwa ya zama wat 36, domin in ka ninka bolt sau biyu ƙarfi yana ninkuwa sau huɗu. Wannan desibel 6 ne, kuma kowane kunne zai ji shi. Ba wai muryar mawaƙi za ta ƙara daɗi ba ne a lokacin da kake saurare a hankali. Abin da zai faru shi ne, lokacin da ganga ta buga da ƙarfi, sautin ba zai daki rufi ya tsage ba. Mutane da yawa da suka ce "bas ya yi nauyi bayan na sauya adafta" gaskiya suke faɗa, sai dai dalilin ba tsabtar wuta ba ne, yawanta ne. Haka kuma adafta mai isasshen bolt amma ƙarancin amfiya: a lasifika mai om 4, bolt 24 na iya neman wat 70 da wani abu, adafta mai amfiya 2 kuwa iyakarta wat 48. Da kiɗa ya yi zafi sai ta durƙushe, ko ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. Saboda haka ka duba bayan amfilifayar ko littafinta, ka ga iyakar bolt da take karɓa, ka gwada da abin da aka rubuta a jikin adaftarka. Idan akwai tazara kuma kana jin tsagewa, ka samo adafta mai ƙarfin da ya dace. Ba sai mai taransifoma ba. Kada kuma ka wuce iyakar ko da bolt ɗaya.

Na biyu ita ce na'urar faifai, kuma a nan abin yana da laushi. Allurar faifai irin ta MM, mai maganaɗisu mai motsi, tana fitar da kimanin milibolt 5 kacal, ta MC kuwa, mai naɗin waya mai motsi, sau da yawa ba ta kai rabin milibolt ba. Kafin wannan ya isa amfilifaya sai an ɗaga shi sau ɗari, na MC kuma sau dubu. Bugu da ƙari, tsarin RIAA da ake yanka faifai da shi tun shekarun 1950 yana rage bas a jikin faifan, sai na'urarka ta mayar da shi lokacin kunnawa. A daidai 50 Hz wannan mayarwa ta kai kusan desibel 17, kimanin sau bakwai. Ka ga ke nan, daidai inda ƙugin wuta yake zaune, nan ne na'urar ta fi buɗe kunne. Ɗan ƙugin da DAC ba zai ko kula ba, a nan sai ya fito fili.

Sai dai abin da zai ba ka mamaki, babbar taransifoma kan ƙara matsalar ne a nan maimakon ta rage. Taransifoma tana watsa maganaɗisu kewaye da ita, allurar faifai kuwa naɗin waya ne da aka yi musamman don ya ji motsin maganaɗisu. Na taɓa zuwa duba kayan wani bawan Allah da ya sayi na'urar wuta mai nauyi don faifansa, ya ɗora ta a gefensa, ƙugi ya ƙaru har ransa ya ɓaci. Ban buɗe komai ba. Na sauke na'urar zuwa ƙasa, na nisanta ta da faifan kamar kamu biyu, ɗakin ya yi tsit. Kamfanoni irin su Naim na Ingila da suka daɗe suna sa sashen wuta a akwati daban, ɗaya daga cikin fa'idodin tsarin nasu da ba a gardama a kai shi ne wannan nisantawa.

Akwai wani abu kuma game da faifai. Wasu injinan juya faifai suna bin saurin kai-komon wutar bango kai tsaye, saboda haka na'urar wutar da ke ƙirƙiro nata saurin tana iya daidaita juyin da rage kaɗawar inji. Amma tunda naka da 'yar adafta ya zo, mai yiwuwa injin DC ne mai nasa madaidaici a ciki, wannan bai shafe shi ba.

Na uku shi ne wanda na fi cin karo da shi, kuma shi ne aka fi ɗora wa laifin "wuta marar tsabta" alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan na'urori biyu suna haɗe da juna ta kebul ɗin sauti, kuma kowannensu yana da tasa hanyar zuwa wayar ƙasa, sai a samu zobe. 'Yar wuta ta riƙa zagaya zoben nan, ta bi ta jikin kebul ɗin sauti, ta fito a lasifika. Kwamfuta da DAC da amfilifaya su ne gidan wannan cuta. Alamarta, za ka ji ƙara tana sauyawa in ka motsa linzamin kwamfuta ko hoto ya sauya a allo. Ƙananan adaftoci masu ƙafa biyu su ma suna da nasu: a cikinsu akwai 'yar kafasita da ke haɗa ɓangaren bango da ɓangaren na'ura don rage hayaniyar rediyo, kuma tana yoyon 'yar wuta kaɗan. Ita ce ke sa wani lokaci ka ji ɗan tsikari in ka shafa jikin ƙarfe na na'ura. A nan musanya adafta na iya kashe ƙarar, mai ita ya ce wuta mai tsabta ta yi aiki, alhali zoben ne ya yanke. Da ya sa dukkan kayan a soket ɗaya, ko ya haɗa DAC da wayar haske ta optika, ko ya sa abin raba USB, ko ya yi amfani da kebul na XLR in kayan suna da shi, da ya samu sakamako ɗaya. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne cire ƙafar ƙasa ta fulogi. Tana kashe ƙugi, gaskiya ne, amma ƙafar nan ita ce ke tsakaninka da mutuwa ranar da waya ta taɓa jikin akwati.

Sauran wuraren ba za su shafe ka sosai ba, zan ambace su a taƙaice. Tsohuwar amfilifaya da ta shekara ashirin ko talatin, kafasitocinta sukan bushe, domin ruwan sinadari ne a cikinsu kuma kowane ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Sauya su yana dawo da sauti ƙwarai, amma wannan gyara ne, mayar da abu yadda yake. Amfilifaya masu kwalba, irin ta tsohuwar rediyo, musamman masu sauƙin zane, garkuwarsu ba ta kai wadda na bayyana ba, saboda haka abin da ke cikin wutarsu ya fi saurin fitowa. Sannan inbata mai fitar da wuta mai kusurwa maimakon mai lanƙwasa tana sa taransifoma kuka, wannan kuma ko daga bakin ƙofa za ka ji.

Mai taransifoma ko mai suwicin?

An daɗe ana cewa nau'in suwicin, wato irin ƙananan adaftocin nan marasa nauyi, ƙazamai ne, masu taransifoma kuma masu tsabta. Maganar tana da asali, domin na farko-farko da na arha ƙwarai suna watsa hayaniya. Amma ka lura da inda kowanne yake ajiye dattinsa. Mai taransifoma yana ajiye nasa a 50, 100, 150 Hz da abin da ya biyo baya, cikin tsakiyar abin da kunne ke ji. Mai suwicin yana aiki a dubban gomomi zuwa dubban ɗaruruwan Hz, sama da 20,000 da ke iyakar jin ɗan Adam, inda ƙaramar matata ta isa ta tare shi. Amfilifayar AHB2 ta kamfanin Benchmark, wadda take cikin mafi shiru da aka taɓa aunawa, da wutar suwicin take aiki. Haka kayan Hypex da na Chord. Saboda haka ba nau'in ne ke yanke hukunci ba, ingancin zane ne, kuma nauyin akwati a hannu ba ya gaya maka komai game da abin da ke fita a waya.

Gani ya kori ji

To me ya sa mutane masu gaskiya, waɗanda ba su da abin sayarwa, suke rantsuwa sun ji bambanci a DAC da ba shi da wata matsala? Ba ƙarya suke yi ba, kuma ba na son a raina su, domin ni ma na ji. Na taɓa haɗa wa DAC ɗina na'urar wuta da hannuna, na kunna, na ji sauti ya faɗaɗa, muryoyi sun rabu da juna. Bayan kwana biyu na roƙi wani abokin aiki ya riƙa musanya adaftocin a bayan labule ba tare da ya gaya mini ba. Faɗin nan da na ji ya ɓace, na kasa rarrabe tsohuwa da sabuwa. Abin ya dame ni sosai a lokacin, amma ya koya mini yadda kunne ke aiki tare da zuciya. Ainihin tunawar sauti daƙiƙoƙi kaɗan take yi. Kafin ka kashe na'ura, ka zare waya, ka sa wata, ka dawo ka zauna, abin da kake gwadawa da shi ba sautin farko ba ne, labarinsa ne da ka ba kanka. Kuma a karo na biyu kana saurare da natsuwar da ba ka yi a na farko ba, don haka kana jin abubuwan da dama suna nan.

Wannan ne ya sa David Clark ya bayyana gwajin ABX a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a 1982. Ana ba ka A, ana ba ka B, sannan a ba ka X wanda ɗayansu ne amma ba ka san wanne ba. Za ka iya yin mai kama da shi a gida. Wani ya jefa kwabo a ɓoye ya zaɓi adaftar da zai sa, ya rubuta, ya fita daga gabanka, kai kuma ka saurara iya son ranka ka faɗi. Ku yi sau 16. Idan ka dace 12 ko fiye, damar a ce sa'a ce kawai ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba, bambancin na gaske ne, ka riƙe sabuwar da kwanciyar hankali. Sharaɗi ɗaya: kada a taɓa maɓallin murya, kuma in da hali a auna da mita a tabbatar fitar sautin bai bambanta da fiye da desibel 0.1 ba, wato kusan kashi 1 cikin ɗari na bolt. Ɗan ƙarin ƙarfi kaɗan kunne ba ya kiransa ƙarfi, daɗi yake kiransa.

Maganar kebul na bango gajeruwa ce. Wutar ta biyo doguwar waya ta yau da kullum a cikin gini kafin ta iso soket, sannan a cikin na'ura za a miƙar da ita, a tara, a tace. Kebul mai isasshen kauri da fulogi mai kamawa da kyau ya gama aikinsa. Na'urar kare kaya daga tsallen wuta tana da amfani, amma don tsaron kayan ne, ba don sauti ba.

Abin da zan so ka yi da kayanka

Ban ga na'urorinka ba, ban kuma ɗora musu mita ba, saboda haka ba zan iya rantse maka daga nesa cewa babu mai raunin zane a cikinsu ba. Amma kai kana iya ganowa yau da dare. Kunna komai, kada ka sa kiɗa, ka ɗaga murya zuwa inda ka saba saurare, ka zauna a mazauninka. Idan shiru ka ji, DAC ɗinka ka bar shi da adaftarsa. Idan ka ji wani abu, ka zare dukkan wayoyin da ke shiga amfilifaya ka bar lasifika kawai, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama wanda ya shigo da ƙarar. Ga na'urar faifai, ka tabbatar 'yar siririyar wayar ƙasa da ke fitowa daga jikinta tana ɗaure a madannin da aka yi mata, ka kuma nisanta duk wata adafta da taransifoma daga allura da kebul ɗinta.

Idan ya kai ga sayen wata adafta, ka dubi abu huɗu kafin ka soka: bolt, amfiya, girman bakin, da wane ɓangare ne mai alamar ƙari, tsakiya ko gefe. Ka kuma karanta ko na'urar AC take so ko DC, domin wasu ƙananan furi-amf na faifai AC suke karɓa daga adafta, kuma na sha karɓar waɗanda aka ƙona da wannan kuskure. Kada ka buɗe akwatin wuta da kanka in ba sana'arka ba ce, manyan kafasita suna riƙe caji bayan an zare fulogi.

In ka yi gwajin nan ka ji ƙara, ka rubuto mini irinta: ƙugi ne mai kauri a ƙasa, ko kukan ƙudan zuma mai kaifi, ko shuuu kamar ruwan sama, da kuma ko tana ƙaruwa in ka ɗaga murya ko a tsaye take. Daga wannan zan iya gaya maka wace waya za ka fara bi.